Abin da ke hana jan ƙarfe lalacewa a iskar Douala

Masu gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki a unguwar New Bell sun saba ganin bututun jan ƙarfe sabo fil, ja yana ƙyalli, bayan damina ɗaya ya dushe, wani wurin ya yi baƙi, wani ya yi kore. Haka ma makanikai masu sayen kayan gyara a Camp Yabassi: sukan buɗe lagireton tsohuwar babbar mota su tarar cikinsa ya cinye, yana yoyo ta ƙananan huduji. Jan ƙarfe ba ya yin jar tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, amma shi ma yana da tasa cutar, kuma akwai sinadaran da ke tare ta.

Me ya sa abin ya fi tsanani a Douala?

Birnin yana bakin kogin Wouri, dab da teku, kuma yana samun ruwan sama fiye da milimita 3,500 a shekara, wato fiye da ninki uku na abin da Kano ke samu. Iskarsa a jiƙe take kusan kullum, tana ɗauke da gishiri.

Idan jan ƙarfe ya haɗu da iska, wata siririyar fata takan fito a kansa, ta ɗan kāre abin da ke ƙasa. A wuri mai tsabta wannan fatar tana daɗewa, har ta rikiɗe ta zama kore, kamar yadda ya faru da gunkin 'yanci na birnin New York da aka ƙaddamar a 1886. Matsalar ita ce sinadarin kulorayid da ke cikin gishiri: yana huda fatar, ya narkar da ƙarfen ta ƙarƙashi, ya bar rami. Iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke tashi daga kwatoci kuwa, ita ke mayar da wayoyi da bututu baƙaƙe.

Yadda sinadarin ke aiki

Mafi shahara cikin masu hana wannan ɓarna shi ne benzotriazole, wanda ake taƙaitawa BTA. Kamfanin Procter & Gamble ya yi rajistar amfani da shi wajen hana ƙarfe dushewa a Birtaniya tun 1947, sannan a 1967 masana biyu na ƙasar, Cotton da Scholes, suka yi bayanin yadda yake kama jikin jan ƙarfe.

Kowace ƙwayar BTA tana da ƙwayoyin naitirojin guda uku a jere, waɗanda ke manne wa jan ƙarfe ƙam. Ƙwaya ɗaya ta riƙe ƙarfe ta nan ta riƙe ta can, ta gaba ma haka, har su zama sarƙa mai tsawo da ta shimfiɗu a kan ƙarfen kamar tabarma. Wannan shimfiɗar ba ta narkewa cikin ruwa, kuma ɓangarenta na waje yana korar danshi. Ta fi silin gashi siranta sau ɗaruruwa, ido ba ya ganinta, shi ya sa ba ta hana zafi ratsa bututu kamar yadda fenti mai kauri zai yi.

Ɗan'uwansa tolyltriazole ma haka yake aiki, kuma shi aka fi zubawa cikin ruwan sanyaya inji, wanda ake rubuta wa «liquide de refroidissement» a jikin galan. Muddin akwai ragowar sinadarin cikin ruwan, duk inda shimfiɗar ta yage sai ta sake toshewa da kanta. Idan ya ƙare, gyaran ya tsaya.

Inda direbobi ke yin asara

Daga tashar jiragen ruwa ta Douala manyan motoci ke ɗaukar kaya zuwa N'Djamena da Bangui, kuma da yawa cikin tsofaffinsu lagireton jan ƙarfe da tagulla gare su. Direba da ya ga ruwa ya ragu a hanya yakan ƙara na rijiya ko na famfo. Duk ƙari ɗaya yana tsarma sinadarin, yana kuma shigo da gishiri. Wasu ma sukan ce ƙasar zafi ba ta buƙatar ruwan kanti tunda ba a yin ƙanƙara. Wannan kuskure ne: hana daskarewa ɗaya ne kawai cikin ayyukansa, kāriya daga tsatsa kuwa kowace mota tana bukata.

Ɓarnar ba ta tsaya ga jan ƙarfe ba. Idan ya narke cikin ruwan, yakan je ya zauna a kan sassan alminiyam na injin, ya haddasa musu ramuka. Saboda haka ko motar da ke da lagireton alminiyam tana amfana da sinadarin, matuƙar akwai jan ƙarfe ko tagulla a wani wuri cikin hanyar ruwan. Ruwan sanyaya inji irin na da ana canza shi kusan duk shekara biyu. Na zamani yana wuce haka, gwargwadon abin da kamfanin motar ya rubuta.

Ba a mota kaɗai ba

Akwai takardu da ledoji na musamman da ake naɗe kayan lantarki da su kafin a loda su a jirgin ruwa. Suna fitar da tururin sinadarin a hankali, ya sauka a kan ƙarfen. Ɗan kasuwar da ya yage naɗin tun kafin mai saye ya zo, ya zubar da kāriyar da aka riga aka biya. Gidajen adana kayan tarihi ma suna jiƙa tsofaffin kayan tagulla cikin BTA, yawanci kashi 3 cikin ɗari, hanyar da masani Brinch Madsen na Denmark ya gabatar a 1967.

Iyakarsa da hatsarinsa

BTA ba ya cike ramin da ya riga ya huje. Sai an wanke ƙarfen tsaf kafin ya kama, kuma ruwa mai tsami ko mai yawan bilic yana raunana shi. Ba a shafa shi a tukunya, buta ko faranti. Kayan abinci na jan ƙarfe da kuza ake shafe cikinsu. Sannan ba ya saurin ruɓewa idan ya shiga kogi.

Ruwan sanyaya inji kansa guba ne, ga shi da ɗan zaƙi da ke jawo yara da dabbobi. A unguwanni masu cunkoso irin New Bell, inda ambaliya ke haɗa ruwan kwata da na rijiya a lokacin damina, wanda aka juye daga inji wurinsa jarka mai murfi ne, nesa da hannun yara, ba lambatu ba.