Kallon Birnin Gent da Ƙaramin Guzuri

Gent birni ne a yankin Filandas, arewacin ƙasar Beljiyam, inda ake magana da harshen Holanci. Yana mahaɗar koguna biyu, Leie da Schelde, tafiyar kamar rabin awa a jirgin ƙasa daga Burusel. Baƙi sun fi tururuwa zuwa maƙwabcinsa Bruges, shi ya sa cunkoso ya fi yawa a can. Gent kuwa gari ne na masu gari. Jami'arsa tun 1817 aka kafa ta, ɗalibanta dubbai ne, kuma duk inda ɗalibai suka taru ba a rasa abinci mai rahusa. Kwana biyu zuwa uku sun ishi baƙo ya ga abin gani.

Babbar tashar jirgin ƙasa, Gent-Sint-Pieters, tana kudu da tsohon gari, nisan rabin awa a ƙafa. Mai kaya ya hau jirgin cikin gari na kamfanin De Lijn. Da zarar an shiga tsakiya, maganar kuɗin mota ta ƙare, domin an hana motoci ratsa yawancin titunan, kuma wuraren kallo suna kusa da juna.

Mafi kyawun abin da Gent ke da shi a waje yake, ba a biyan ko sisi. Wanda ya tsaya a kan gadar Sint-Michiels zai hango hasumiyoyi uku a jere: ta cocin Sint-Niklaas, da hasumiyar gari mai suna Belfort wadda tsayinta ya kai mita 91, sai ta babban cocin Sint-Baafs. A ƙarƙashin gadar akwai gaɓoɓin ruwa biyu masu fuskantar juna, Graslei da Korenlei, tsohuwar tashar jiragen ruwa inda ake sauke hatsi a zamanin da. Gidajen ƙungiyoyin 'yan kasuwa na nan tsaye, goshinsu hawa-hawa kamar matakala. Da yamma ɗalibai kan zauna a kan duwatsun bakin ruwa, ƙafafu a reto, kowa da ƙunshin abincinsa, alhali a bayansu wasu na biyan kuɗi mai kauri a kan kujerun gidajen abinci don kallon ruwan nan dai guda. Idan dare ya yi akan haska gine-ginen da fitilu, kuma shi ma kallon kyauta ne.

Babbar dukiyar birnin daga saƙa ta fito. A zamanin da masaƙan Gent kan sayo ulu daga Ingila su saƙa tufafi, har birnin ya zama ɗaya daga cikin mafi girma a arewacin Turai. A nan aka haifi Sarki Sharl na Biyar a 1500, kuma shi ne a 1540 ya hukunta garin saboda ƙin biyan haraji, ya sa manyansa suka zo neman gafara, wasunsu da igiyar rataya a wuya. Har yau mutanen Gent na alfahari da laƙabin masu igiya a wuya. Sauran wuraren kyauta sun haɗa da lungunan unguwar Patershol, da dandalin Vrijdagmarkt inda kasuwa ke ci ranar Juma'a, da lungun Werregarenstraat da aka bar wa masu zane a bango.

Wurare biyu ne suka cancanci a buɗe musu aljihu. Na farko shi ne zanen da 'yan'uwa biyu, Hubert da Jan van Eyck, suka yi, wanda aka kammala a 1432. Yana cikin cocin Sint-Baafs. Shiga cocin kyauta ne, ganin zanen ne ake biya. An sace ɓangare ɗaya daga cikinsa a 1934, ba a same shi ba har yau, kwaikwayonsa ne a gurbin. Na biyu shi ne Gravensteen, fadar dutse mai ganuwa da Filib na Alsas ya gina a 1180, wadda daga baya ta zama kotu da kurkuku, har ma da masaƙar auduga. Akwai katin CityCard Gent na awa 48 ko 72 da ya haɗa kuɗin shiga wurare da na sufuri, amma ba ya mayar da kuɗinsa sai ga mai niyyar shiga wurare da yawa. Mai wuri biyu ya sayi tikiti ɗai-ɗai.

A wajen abinci ne kuɗi ke zurarewa. Dokar farko, kada a ci a inda ake kallo. Gidajen abincin bakin ruwa da na Patershol tsada gare su, kuma a Beljiyam ba a saba ba da ruwan sha kyauta a teburi ba, sai na kwalba. Ruwan famfo kuwa lafiyayye ne, don haka gora a jaka tana rage asara. An riga an saka ladan hidima a cikin farashi, tukwici ba dole ba ne. Gidaje da yawa na sayar da abincin rana da rahusa fiye da na dare, saboda haka mai dabara ya ci babban abincinsa da azahar, da dare ya sayi burodi da cuku a kanti irin su Delhaize ko Aldi.

Abincin talaka shi ne soyayyen dankalin Turawa, ana soya shi sau biyu, a al'adance da kitsen shanu, a zuba a takarda da mayonis a kai. Abincin da garin ya yi suna da shi kuma waterzooi ne, romon kaza ko kifi da kirim da kayan lambu. Musulmi ya lura da stoverij: naman sa ne, amma da giya ake dafa shi. Mai neman halal ya nufi titin Sleepstraat, unguwar Turkawa, inda ake gasa burodi mai nama a tanda, a ƙoshi da kuɗi kaɗan. Abincin da ba nama ma ba ya wuya, domin tun 2009 garin ya ware Alhamis a matsayin ranar hutun cin nama. A dandalin Groentenmarkt ana sayar da cuberdon, alewa mai launin shuɗi-ja da siffar hanci, ɓawonta da ɗan tauri, cikinta ruwa-ruwa. Da ƙaro ake yin ta, irin wanda Sudan da Cadi da Nijeriya ke fitarwa zuwa Turai.

Masauki ne ke cinye kaso mafi girma na guzuri, kuma ɗakunan haɗaka na matafiya sun fi otal sauƙi nesa ba kusa ba. A watan Yuli ana bikin Gentse Feesten na kwana goma, wasanninsa da yawa kyauta ne a kan titi, sai dai ɗakuna kan cika. Duk mai son zuwa a lokacin ya kama ɗaki tun da sauran watanni.