Gaskiya ko Jita-jita: Wanke Kuben Doki

Daga Riko zuwa Jibiya, har a tsallaka Ɗan Isa da Maraɗi, doki ba baƙon dabba ba ne. Mun iya yi masa wanka, mu tsefe geza, mu ba shi harawa da dusa da kanwa. Amma akwai wurin da kunya ta hana mu zancensa a fili, wato kuben fatar da gaban doki ke komawa ciki. Yaro ya koya daga wansa, wan ya koya daga mai barga, babu wanda ya tsaya ya tambayi dalili. Ta haka kuskure ke daɗewa a hannun mutanen da suke son dabbarsu da gaske.

"Duk dauɗar da ke cikin kube alamar cuta ce"

Ba haka ba ne. Fatar wurin tana fitar da maiƙo don kada ta bushe ta tsage. Maiƙon nan yana haɗuwa da matacciyar fata da ƙura, ya zama baƙi-baƙi ko toka-toka, mai wari. Lafiyayyen doki ma yana da shi. Warin ne ke ruɗarmu, domin mun saba duk abin da ke wari a jiki ciwo ne. Abin da ya cancanci a nema daban yake: a kan gaban, dab da kafar fitsari, akwai ɗan aljihu inda maiƙon ke taruwa ya daskare kamar ƙwayar wake. Idan ya girma yakan matse kafar, sai ka ga fitsarin yana fita a warwatse, ko dokin yana yunƙuri kafin ya yi.

"Ingarma da fiɗiyayyen doki kulawarsu ɗaya ce"

A ƙasar Katsina mun fi sabawa da ingarma, domin shi ake so a hawan Sallah da hawan angwanci. Fiɗiyayye an fi ganinsa a wasan folo, wanda ya kafu a Katsina tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, ɗansa Usman Nagogo kuma ya yi suna a kansa. Saboda haka yawancin abin da muka gada a kan ingarma aka koye shi. Shi ingarma yakan fitar da gabansa gaba ɗaya sau da yawa a yini, busasshiyar dauɗa ta kakkaɓe da kanta. Fiɗiyayye bai cika yin haka ba, wani ma a cikin kuben yake fitsari, don haka tasa ta fi taruwa. Wanda ya sayi fiɗiyayye ya riƙe shi da al'adar ingarma, yana iya shekara da shekaru bai taɓa dubawa ba.

"Yawan wanki da sabulu mai ƙarfi shi ne tsabta"

Nan ne masu ƙwazo suka fi yin ɓarna. A fatar kube akwai ƙwayoyin halitta marasa cutarwa da ke zaune, su ne ke hana miyagu samun wuri. Idan aka riƙa wankewa duk mako da omo, ko ruwan kanwa, ko maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwalba, sai a kashe su, fatar ta bushe, jiki kuma ya ƙara fitar da maiƙo. Mai doki ya ga dauɗa ta dawo da wuri, sai ya ƙara wanki. Kalanzir da baƙin mai da wasu ke shafawa don korar ƙuda kuwa ƙona fatar suke yi. Ga yawancin dawaki, sau ɗaya ko biyu a shekara ya isa, da ruwa mai ɗumi. In an sa sabulu, ya zama mai laushi, a ɗauraye shi tas.

"Ƙarar da ake ji idan doki na sassarfa dauɗa ce"

Iska ce ke shiga kuben tana fita yayin da yake tafiya. Dokin da aka wanke jiya ma yana iya yin ta.

"Idan kube ya kumbura, wanki ne maganinsa"

Wannan ce ta fi haɗari, musamman a bakin iyaka. Kube yana ƙasan ciki, don haka duk ruwan da ya taru a jiki can yake gangarowa. Dokin da ya daɗe a turke ba a motsa shi ba yakan kumbura, in an zaga da shi ya sace. Tsutsar ciki da rashin abinci mai gina jiki suna kawo shi. Akwai kuma sammore irin na raƙuma da dawaki, wanda ƙudaje masu cizo ke ɗauka daga dabba zuwa dabba, yana zuwa da zazzaɓi da rama. Akwai ɗan'uwansa da ake ɗauka ta barbara, wanda yakan fara da kumburin kube da fitar ruwa, daga baya ya taɓa ƙafafun baya. A yankin da dawaki da raƙuma ke ƙetarowa tsakanin Nijar da Najeriya, ana saye ana sayarwa ba tare da sanin tarihin dabba ba, bai kamata a ga kumburi a ɗauko bokiti kawai ba.

Da damina kuma ƙuda kan ajiye ƙananan tsutsotsi a wurin, su zama gyambo mai ƙaiƙayi da ba ya warkewa. Tsohon doki mai farar fata a gabansa yana iya samun ciwon daji. To, me ya sa muka yarda wanki ne maganin kumburi? Domin wani lokaci ana wankewa ana kuma zagawa da dokin, kumburin ya tafi, sai yabo ya koma kan ruwa. A ganinmu, babban amfanin wankin shi ne damar da yake ba mutum ya duba da idonsa. Ƙurji, jini, tsiro, ko kumburin da ya kwana biyu bai sace ba, duk aikin likitan dabbobi ne.

"In ya ƙi fitarwa, a jawo da ƙarfi"

Kada a yi. Naman wurin yana da taushi, dokin kuma zai yi harbi. A jira lokacin da ya saki jiki, kamar bayan aiki ko bayan ya yi fitsari. Mutum ɗaya ya riƙe ragama, mai wankin ya tsaya kusa da kafaɗa yana fuskantar baya, ya sa safar hannu, ya yanke farce. A jiƙa dauɗar ta yi laushi kafin a cire, sannan a sa ɗan yatsa a hankali a cikin aljihun nan a turo daskararren maiƙon waje. Dokin da ya ƙi yarda sam, likita na da allurar da ke kwantar masa da hankali har gaban ya sauko da kansa, a duba shi a tsanake.