Idan Firihob Ya Cije: Yadda Ake Kwance Shi Daga Ƙafar Bayan Keken Hawan Dutse

Keken hawan dutse, wanda ya samo asali daga tsaunukan yankin Marin na jihar Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1970, an ƙera shi ne domin ya shiga laka da ruwa da ƙura, kuma wannan wahalar da yake sha takan fi taruwa a wuri guda, wato a cibiyar ƙafar baya, wadda makanikai ke kira hob. A gefen dama na wannan cibiya akwai wani kwaroro mai tsage-tsage a bayansa, wanda ake zura faya-fayan haƙoran giya a kansa, kuma shi ake kira firihob. Aikinsa shi ne ya kama cibiya ya juya ƙafa idan mahayi ya taka feda, ya kuma sake ta ta ci gaba da gudu idan ya daina takawa, kuma ƙarar nan ta kas-kas da ake ji idan keke yana gangara daga cikinsa take fitowa. A ciki akwai 'yan harsunan ƙarfe da sifirin ke tura su cikin wani zobe mai haƙora, su kama idan an juya gaba, su zame idan an juya baya.

Abu na farko da ya wajaba mai gyara ya tabbatar shi ne cewa firihob ne a gabansa, domin akwai tsohon tsari da ake kira firiwil, wanda har yau shi ne a kan yawancin kekuna masu araha. A firiwil, faya-fayan da harsunan duk dunƙule guda ne da ake ɗaurawa a kan zaren cibiya, wanda makanikai ke kira tiredi, kuma kowane takun feda ƙara ɗaure shi yake yi. Firihob kuwa, wanda kamfanin Shimano na Japan ya yaɗa shi tun daga ƙarshen shekarun 1970, ya raba aikin biyu, harsunan suna cikin kwaroron da ke manne da cibiya, faya-fayan kuma, waɗanda ake kira kaset, ana zura su ne a kulle da wani zobe mai zare. Amfanin wannan tsari shi ne boris na gefen dama ya matso kusa da ƙarshen sandar tsakiya, wato aksil, don haka sandar ba ta cika lanƙwasa ko karyewa ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: idan aka juya faya-fayan baya aka ga ramin da ake sa makulli yana juyawa tare da su, kaset ne a kan firihob, idan kuma ramin ya tsaya cik alhali faya-fayan suna juyawa, firiwil ne. Rikita waɗannan biyun na iya jawo asarar ƙafa mai kyau, idan aka auka wa firihob da guduma da kurfi kamar yadda aka saba yi wa firiwil.

Dalilan cijewar ba su da yawa, amma kowanne da maganinsa. Na farko shi ne tsatsa, wadda ruwa ke haddasawa idan ya ratsa robar da ke toshe bakin cibiya, musamman idan ana wanke keke da injin feshin ruwa mai ƙarfi. Na biyu shi ne haɗuwar ƙarafa iri biyu, domin galibi jikin cibiya na alminiyam ne, ƙusar da ke riƙe firihob kuma ta baƙin ƙarfe ce, kuma idan danshi ya shiga tsakaninsu alminiyam yakan fitar da wani farin gari da ke cika zaren har su zama kamar an yi musu walda. Na uku shi ne gam ɗin kulle zare da wasu masana'antu ke shafawa da gangan. Ya kamata a lura cewa a wannan tsari takun feda ba ya ƙara ɗaure ƙusar, domin tsage-tsagen da ke tsakanin firihob da cibiya su ke ɗaukar ƙarfin, saboda haka ƙusar da ta ƙi kwancewa kusan kullum tsatsa ce ko gam ya riƙe ta.

Kafin a kai ga firihob sai an cire kaset, kuma wannan yana buƙatar kayan aiki biyu: makullin zobe mai haƙora da ke shiga cikin zoben kullewa, da wata sanda mai guntun sarƙa a kanta da ake riƙe faya-fayan da ita don kada su juya baya. Zoben yana kwancewa ne idan an juya shi saɓanin tafiyar hannun agogo, kuma tunda ana ɗaure shi da ƙarfin da ya kai kimanin niyuton-mita 40, wato ma'aunin ƙarfin murɗawa, sai an danna sosai. A nan ma akan sami cikas idan firihob na alminiyam ne, domin siraran faya-fayan baƙin ƙarfe sukan nutse cikin tsage-tsagensa su yi gurbi. Ɓamɓarar su da sukudireba kan lanƙwasa su, abin da ya fi dacewa shi ne a riƙe babban faifai da sanda mai sarƙa ɗaya, a murɗa wanda ya maƙale baya da sanda ta biyu har ya fita daga gurbin, sannan a goge tudun da ya taso da magagari.

A cibiyoyin Shimano na gargajiya, sai an fara zare aksil ta hanyar kwance noti da mazugin da ke gefen hagu, a kwashe ƙwayoyin boris, waɗanda yawanci tara-tara ne a kowane gefe, a ajiye na dama daban da na hagu. Daga nan za a hango wata ƙusa mai rami a cikin firihob, wadda ake kwance ta da alanki mai milimita 10 daga gefen dama, saɓanin tafiyar hannun agogo. Wasu sababbin cibiyoyin Shimano suna buƙatar alanki mai milimita 14 ko 15, wasu kamfanonin kuma suna amfani da mai 11 ko 12 da ake zurawa ta gefen hagu, kuma a waɗannan na ƙarshe alkiblar juyawa takan bambanta daga ƙira zuwa ƙira, don haka neman bayanin masu ƙerawa kafin a sa ƙarfi ya fi duk wata dabara muhimmanci. Mutum yana iya shafe sa'a guda yana ƙara ɗaure ƙusar da yake zaton kwance ta yake yi.

Idan an tabbatar da girman alanki da alkibla amma ƙusar ta ƙi motsi, hanyar da ta fi kowacce aiki ita ce a mayar da ƙafar kanta ta zama sifana. Ana ɗaure alankin a cikin bais da ke kafe a teburin aiki, dogon bakinsa yana kallon sama, sai a kifa ƙafar a kansa, gefen firihob yana ƙasa, a tabbatar alankin ya shige ramin ƙusar har ƙarshe. Mai gyara sai ya kama taya da hannu biyu kamar sitiyarin mota ya juya ta saɓanin hannun agogo yana kallo daga sama. Ƙafa mai inci 26 ko 29 tana ba da tazarar da ta ninka ta alankin hannu sau da yawa, kuma tunda hannaye biyu suna ja daga ɓangarori biyu, alankin ba ya karkata ya cinye ramin. Galibi ƙusar takan saki da ƙara guda mai ƙarfi, wadda ke tsorata wanda bai saba ba, alhali alama ce ta cewa aiki ya yi. Daga wannan ake gane girman kuskuren masu yanke sifoki su raba cibiya da gargare kafin su cire firihob, domin cibiyar da ba ta cikin ƙafa ba ta da inda za a kama ta, kuma matse ta a bais yakan murƙushe ta. Haka kuma barin taya da iska a ciki yana ba hannu wurin riƙo yana kuma kare gargare.

Kafin a kai ga amfani da bais, yana da kyau a zuba man da ke ratsa tsatsa a bakin zaren daga ciki, a jingine ƙafar yadda man zai gangara, a bar shi ya kwana. Zafi ma yana taimakawa, saboda alminiyam yana buɗewa kusan ninki biyu na yadda baƙin ƙarfe ke buɗewa, saboda haka ɗumama jikin cibiya da tafasasshen ruwa ko na'urar hura iska mai zafi yakan sassauta riƙon, ya kuma tausasa gam. Harshen wuta kai tsaye bai dace ba ko kaɗan, domin yana ƙona robobi, yana narkar da giris, kuma man ratsa tsatsa yana kamawa da wuta. Alankin da bakinsa ya cinye, ko mai dunƙulallen kai, shi ne ya fi lalata ramin ƙusa, kuma idan ramin ya riga ya zama da'ira aikin ya koma na huda da inji, wanda sau da yawa sayen wata cibiyar ya fi shi sauƙi.

Akwai rukuni na biyu na cibiyoyi, irin na kamfanonin DT Swiss na Suwizalan da Hope na Ingila, waɗanda firihob ɗinsu ba shi da ƙusa sam, murfin ƙarshen aksil ne kawai ke tare shi, kuma da hannu ake zare shi. Idan irin wannan ya cije, yawanci zoben cikin boris ne ya yi tsatsa ya kama aksil. Dabarar ita ce a bar kaset a ɗaure domin ya zama mariƙi, a kwantar da ƙafar, a sa yatsu ƙarƙashin babban faifai a ja sama daidai wa daida ana ɗan juyawa baya, wanda ke kwantar da harsunan su daina kama zobe. Idan ya ƙi, sai a zuba mai a jira, sannan a bubbuga a hankali da gudumar roba, ana kauce wa bugun bakin aksil da ƙarfe domin yakan baje ya hana komai fita. Ya kamata a shimfiɗa ƙyalle a ƙasa, saboda harsunan da sifirin ɗinsu ƙanana ne ƙwarai, sukan yi tsalle su ɓace, kuma samun madadinsu a kasuwa abu ne mai wuya. A wasu cibiyoyin DT Swiss babu harsuna, wasu zobba biyu ne masu haƙora 18 ko 36 ko 54 da ke fuskantar juna, kuma dole a lura da yadda suke jere kafin a fitar da su.

Wajen mayarwa, a wanke zaren tas a shafa masa giris, a kuma tabbatar siririn woshan da ke tsakanin firihob da cibiya a wasu ƙirar Shimano ya koma wurinsa, sannan a ɗaure ƙusar tamau, domin wadda ta yi sako-sako takan sa kaset ya riƙa rawa har tsage-tsagen cibiya su cinye. Harsuna kuwa mai mara kauri suke so ko giris ɗan kaɗan mai laushi, saboda giris mai kauri, musamman idan ya gauraya da ƙurar hunturu, yakan manne su a kwance, feda ta riƙa juyawa a banza ƙafa ba ta tafiya, abin da ke da haɗari ga mahayin da ya miƙe tsaye yana hawan tudu. Idan sauya firihob za a yi, sai a kula cewa tsage-tsagen bayansa iri-iri ne: akwai HG na Shimano wanda ya fi yawa, da XD da kamfanin SRAM ya fito da shi a 2012, da Micro Spline da Shimano ya fito da shi a 2018 domin giya 12, kuma kaset ɗin ɗaya ba ya hawa kan ɗayan. Ɓangaren da ke haɗuwa da cibiya ma ya bambanta ko a cikin kayan kamfani guda, saboda haka wanda zai je sayen sabo ya tafi da tsohon a hannu, tare da lambar da ke rubuce a jikin cibiyar.