Ɗumama Ƙasar Rainon Iri da Lantarki: Shin Ya Dace da Manoman Karaye?

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Challawa a ƙaramar hukumar Karaye a shekarar 1992, noman rani ya ƙara bunƙasa a yankin, kuma manoman Unguwar Hajji da maƙwabtansu na Rogo sun san cewa albarkar tattasai da attarugu tun daga wurin rainon iri take farawa. Irin waɗannan amfanin gona ya fi tsirowa da wuri a ƙasa mai ɗumin digiri 25 zuwa 30, alhali a dararen hunturu, cikin Disamba da Janairu, ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da digiri 15, sai iri ya yi makonni bai fito ba, wani ma ya ruɓe cikin danshi.

A ƙasashe masu tsananin sanyi, irin su Ingila da Holan, ana magance wannan a gidan rainon shuka, wato rumfar gilashi ko ta leda mai tsare ɗumin rana, inda ake binne wata waya ta musamman cikin rairayi a ƙarƙashin fangalin iri. Idan wutar lantarki ta ratsa wayar sai ta ɗau zafi, ita kuwa na'urar daidaita zafi tana katse wutar da zarar ƙasa ta kai ɗumin da ake so, domin saiwa ce ke buƙatar ɗumin, ba iskar rumfar duka ba.

Sai dai lissafin ba ya goyon bayan ƙaramin manomi. Wayar kan ja kimanin wat 100 a kowace murabba'in mita, saboda haka fangali mai murabba'in mita 10 zai iya shan yunit 10 na wuta cikin awa 10, kuma dole wutar ta tsaya har asuba, lokacin da sanyi ya fi tsanani, abin da ƙauyuka kaɗan ne ke samu. Bugu da ƙari, sanyin Karaye na 'yan makonni ne. Zafin bazara, wanda ke kakkaɓe furen tumatir, da tsutsar da ta halaka gonakin tumatir na Kano a 2016, su ne suka fi jawo asara.

Lulluɓe fangali da ciyawa ko leda da dare, yin ban-ruwa da hantsi maimakon yamma, da shimfiɗa ɗanyen taki a ƙarƙashin ƙasar iri, wanda ke fitar da zafi yayin ruɓewa, duk suna biyan buƙatar ɗumama ƙasar iri da kuɗi kaɗan. Ya kamata malaman gona su fara karantar da waɗannan dabaru, a bar wayar lantarki ga masu rainon iri na sayarwa da ke da tsayayyiyar wuta.