Nonon uwa, ciwon daji da yaron da ke fitsarin jini

A shekarar 1995 wani ɗalibi a Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin, Anders Håkansson, da malamarsa Catharina Svanborg suka bayyana abin da ba shi suka fita nema ba. So suke su ga yadda nonon mace ke hana ƙwayoyin cuta manne wa jiki. Da suka zuba wani sashe da suka tace daga cikinsa a kan ƙwayoyin ciwon daji da suke reno a ɗakin gwaji, sai ƙwayoyin suka mace.

Da aka bi diddigi, aka tarar da wani furotin mai suna alfa-laktalbumin, wanda aikinsa na yau da kullum shi ne taimakawa wajen haɗa sukarin da ke cikin nono. A dunƙule yake kamar ƙullin zare, kuma a haka ba ya kashe komai. Sai ya ɗan warware, ya rungumi wani maiƙo da ake kira oliyik, irin wanda ke cikin man gyaɗa da man zaitun, sannan ya rikiɗe. Wannan haɗin aka raɗa wa suna HAMLET. Yakan ratsa fatar ƙwayar dajin, ya kai har cibiyarta, ya dagula mata lissafi har ta mutu, amma galibi ya ƙyale lafiyayyun ƙwayoyin da suka gama girma.

Inda zancen ya shafe mu shi ne mafitsara. A 2021 aka fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi a birnin Prague kan mutum 40 masu dajin mafitsara. Ta roba aka zura wa rabinsu maganin, wanda aka ƙera a ɗakin gwaji da siffar wani yanki na furotin ɗin, kuma an ga ƙwayoyin dajin suna zubowa cikin fitsari. Mutum arba'in dai ba su da yawa.

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Gaya ko Ajingi ya san yaron da ke wanka a kududdufi da damina, daga baya a ga jini a fitsarinsa, a ce ai tsargiya ce, za ta wuce. Tsargiyar da ta shekara da shekaru a jiki tana iya zama dajin mafitsara. Sai dai galibi irinsa daban ne da wanda aka gwada a Prague, kuma masu shi kan isa asibiti a Kano bayan ya ci jiki.

Ina fargabar ranar da mai tallan magani a kasuwar Gaya zai ji labarin nan, ya ɗora lasifika a mota. Nonon da aka tatso ba ya ɗauke da furotin ɗin a warware, kuma shan sa bai taɓa warkar da mai ciwon daji a wani gwaji ba. Tsargiya kuwa tana da maganinta tun tuni, firazikwantel, wanda ake raba wa 'yan makaranta kyauta.