Ina Wutar Sifikar Mota Take Tafiya?

A ranar kasuwar Batsari, lasifikar mai tallar magani, mai baki irin na kakaki, takan wuni tana amo da ƙaramin batir. Babbar sifikar bayan mota kuwa, mai rugugi kamar ganga, nan da nan take shanye batir idan inji na kashe. Kimanin kashi 1 cikin 100 kaɗai na wutar da ta sha take mayarwa sauti, saura zafi ne a naɗin wayarta.

Saboda haka, ɗalibi, kada yawan wat da ke jikin kwali ya ruɗe ka. Masana sukan ba sifika wat 1, su auna desibel daga nisan mita 1. Wadda ta ɗara 'yar'uwarta da desibel 3, rabin wuta ya ishe ta yin amo iri ɗaya.