In Mai Saye Ya Ce A Mayar Masa Da Kuɗinsa

Wanda ya san Kasuwar Barci a Kaduna, ko Katako a Jos, ko Ƙofar Wambai a Kano, ya san yadda ake cinikin gwanjo. Akan fasa dila, mutane su sunkuya su zaɓa. Kowa ya ɗaga riga a hasken rana, ya duba wuya da hammata, ya kara ta a jikinsa, sa'an nan ya taya. In ya kai gida ya ga ɓaraka ba shi da ta cewa, gama idonsa ne ya zaɓa.

Yanzu kuwa matan aure da ɗalibai da yawa sukan saro kayan nan, su wanke, su goge, su sa hotonsu a WhatsApp ko Facebook ko Instagram. Mai saye yana Gombe ko Yola. Yakan tura kuɗi ta banki, a ba direba kayan a tasha. Bai taɓa rigar ba, bai kara ta ba. Watau idon mai sayarwa ne ya zaɓa masa. Daga nan ne rigimar mayar da kaya take tasowa. Bayan kwana biyu sai ga saƙo: "Anti, rigar nan ba ta yi mini ba, ki mayar mini da kuɗina."

Waɗansu sukan rubuta da manyan baƙaƙe cewa kaya in sun fita ba a dawowa da su, suna tsammani sun rufe ƙofa. Ba su rufe ba. Akwai dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019. Ita ce ta kafa hukumar FCCPC. Dokar ta ce wanda bai sami damar duba kaya ba kafin a kawo masa, yana iya mayar da su cikin lokacin da ya dace, ya karɓi kuɗinsa duka, in ba su yi daidai da yadda aka kwatanta masa ba. Rubutun da mai sayarwa ya yi a ƙasan hoto ba ya soke wannan.

To, ku lura da abin da dokar ta kama. Kwatanci ta kama. Saboda haka in saƙo ya iso, kafin ran kowa ya ɓaci, a nemi hoto, a kuma tambayi abu ɗaya: abin da aka aika, shi ne abin da aka faɗa? In an ce rigar ba ta da tabo, ga shi kuwa akwai tabon mai a hannu. In an ce auduga ce, ashe roba ce mai zafi. In zif ba ya hawa ba a kuwa ambata ba, laifin na mai sayarwa ne, ko da bai gani ba. Sai ya mayar da kuɗin duka, har da kuɗin mota. A ganina jayayya a nan ɓata lokaci ce. Rigar ₦6,000 ba ta kai sunan mutum ba, musamman a ciniki inda wanda ya saya shi ne yake kawo na gaba.

Amma in rigar tana yadda aka faɗa, mai saye ne kawai ya sake shawara, ko mai gidanta ya ce launin bai gamshe shi ba, wannan magana dabam ce. Mai sayarwa yana iya karɓa don alheri, yana iya ƙi. In ya karɓa, mai saye ya biya kuɗin mota zuwa da dawowa. Ku tuna gwanjo ba kamar kayan kanti ba ne da za a ce a musanya da babba. Kowace riga ita kaɗai ce a dilar. Abin da ya fi sauƙi shi ne a riƙe wa mutum kuɗinsa, ya zaɓi wani abu a dila ta gaba.

Tsakanin waɗannan biyu akwai zancen girma, shi ne kuwa ya fi kawo faɗa. Lambar da ke wuyan riga ba abin dogara ba ce. Rigar mace mai lamba 12 a Ingila, ita ce kusan 8 a Amurka, 38 a Jamus, dila ɗaya kuwa tana iya haɗa dukansu. Ga shi kuma an sha wankin tufar, wata ta tsuke, wata ta saki. Wanda ya rubuta "lamba 12" kaɗai ya bar ƙofa a buɗe. Sai a shimfiɗa rigar a tabarma, a sa tef ɗin tela a ƙirji, da ƙugu, da tsawo, a ɗauki hoton da tef ɗin a kai. A roƙi mai saye ya auna wata rigarsa da take yi masa daidai ya gwada. (Yaran aji huɗu suna iya wannan awo, ya kuwa fi musu lissafin allo daɗi.) In awo yana rubuce, rigar kuma ta ƙi shiga, ba mai sayarwa ya ɓata ba.

Haka kuma aibi. Kada a ɓoye shi a bayan ninki. A nuna shi da yatsa a hoto, a rage kuɗi. A ɗauki hoton a inuwa da rana, gama fitilar ɗaki takan mai da shuɗi mai duhu ya zama baƙi. Kafin a ƙulle leda a ɗauki ɗan bidiyo ana juya rigar ciki da baya.

Masu saye ma ba dukansu ne masu gaskiya ba. A watan Disamba, lokacin Kirsimeti da bukukuwan aure, akwai wadda za ta sa riga ranar Asabar, ta ce a karɓa ranar Litinin, ga ƙanshin turare da shafar hoda a wuya. Maganin wannan wa'adi ne da alama. Kamfanin Vinted, wanda aka fara a Lituwaniya a 2008 don cinikin tsofaffin tufafi, kwana 2 yake ba mai saye ya kai ƙara bayan kaya sun iso, yana kuwa riƙe kuɗin har lokacin ya wuce. Mu ba mu da mai riƙe mana kuɗi a WhatsApp, amma wa'adin kwana 2 ya dace da mu. A ɗinka jan zare a inda za a gani, kamar gaban wuya, a faɗa tun farko cewa in an tsinke zaren ciniki ya faɗa. Kada a mayar da kuɗi sai kayan sun iso hannu an duba su. A kuma mayar ta asusun da kuɗin ya fito, ba wani asusun da aka turo daga baya ba.

Wanda ya fi wuya duka shi ne ɗan'uwa. Baƙuwa a Yola tana bin ƙa'ida, amma matar kawu takan riƙe kaya mako uku ba ta biya ba, sa'an nan ta aiko yaro da su a leda, bayan wadda ta so saye da kuɗi a hannu ta riga ta tafi. Ba kowa ke iya ce wa babba a'a ba. Shi ya sa ya kamata a rubuta ƙa'idar a layi uku ko huɗu, a tura wa kowa kafin ya biya, dangi da baƙo. In ranar ta zo sai a ce, "Inna, ki yi haƙuri, abin da na tura miki ran nan shi nake tura wa kowa."